Zugi ko Raɗaɗi, Ishaya?

Zuru,
ranar Laraba da hantsi.

Ishaya ɗana,

Ina gaishe ka da sunan Ubangiji wanda ya riƙe mu har yau. Ina roƙonsa ya sauke ka Dirin Daji lafiya, ya tsare ka a wannan hanya da kowa ya san halinta, ya ba ka farin jini wurin manoman da aka tura ka ka yi wa aikin malamin gona. Mamarka tana gaishe ka. Ba ta san da wannan takarda ba tukuna.

In kana karanta wannan, to ka sa hannu ke nan a ƙaramin aljihun jakarka na ciki, inda ka ɓoye katin kafso biyu da ka ɗauka daga gwangwanin maganina. Ba sa nan. Na cire su yau da ka tafi kai babur wurin makanike, wannan ambulan zan sa a gurbinsu. Kada ka tsaya jin kunya, ban kira ka ɓarawo ba, kuma ba ni da ƙarfin faɗa yanzu. Wata uku ke nan ina kallonka. Ka dawo ka cire takalmi ka tsoma ƙafa cikin bokitin ruwa, ka sha ruwa kofi uku a tsaye, kafin a jima ka zagaya bayan gida. Kana taka ƙasa a hankali, kana zaton ba mai gani. Na san wannan tafiyar, Ishaya, tawa ce. Na so in zaunar da kai, amma ni da kai ba mu iya irin wannan zama ba: in yi gyaran murya, ka ce "Ba komai, Baba," shi ke nan an tashi. Shi ya sa na ɗauki biro. Hannuna yana gajiya, ka yi haƙuri da rubutun.

Ba labari zan ba ka ba, wautata zan zayyana maka, ko ka tsallake ramukan da na faɗa.

Ciwon nan ya kama ni shekara biyu bayan na bar soja. Tafin ƙafafuna yana ƙuna kamar na taka toka mai zafi, wani lokaci in ji ana tsira mini allura, wani lokaci minjirya ta kama su ta ƙi saki. Na yi shekara cur ban faɗa wa kowa ba. Mu da muka yi golmo, muka yi shekara da shekaru muna nome gonar surukai kafin a ba mu mata, an koya mana namiji ba ya cewa wayyo. Bariki kuma ya zo ya ƙara mini taurin kai. Mamarka ce ta ja ni asibiti da masifa.

Likitan saurayi ne, Basakkwace, mai ladabi. Ya ce, "Baba, ciwon zugi yake yi maka, ko raɗaɗi?" Ni kuwa Hausata a lokacin ta bariki ce da ta kasuwa, a gida ka san C'lela muke yi. A kunnena zugi da raɗaɗi abu ɗaya ne, ciwo dai ciwo ne. Abin da ya kamata in ce shi ne, "Likita, mene ne bambancinsu?" Amma ina! Tsohon saje guda, a ce yaron da a haife na haife shi zai koya mini Hausa? Sai na cafke kalmar da ta fara fitowa daga bakinsa. Na ce, "Zugi." Ya ce, "Har gaɓoɓi?" Na ce, "E, har gaɓoɓi." Ya rubuta mini maganin sanyin ƙashi, ya ce in dawo bayan wata ɗaya. Ban koma ba. Da tsohuwar takardarsa na riƙa zuwa kemis ina saye har kusan shekara biyu. Ƙafa ba ta daina ƙuna ba ko na yini ɗaya, sai ga ciki ya shiga nasa ciwon, aka ce maganin ya fara cin tumbina.

Sai daga baya na gane. Zugi shi ne ciwo mai bugawa, irin na haƙori ko maruru. Raɗaɗi shi ne ƙuna, irin wadda kake ji in barkono ya taɓa rauni. Maganin ciwon gaɓoɓi da kumburi ba ya yi wa ciwon jijiya wani abin kirki. Likitan nan bai cuce ni ba, abin da na ba shi da shi ya yi aiki. Saboda haka in ka zauna gaban likita, kada ka ɗauki kalmarsa don ka rabu da shi. In ba ka gane tambaya ba, ka ce ba ka gane ba. Ka kwatanta masa abin da kake ji da bakinka, ko da zai fito kamar maganar yara. Ka faɗi lokacin da ya fi tsananta, ka faɗi ƙishirwar, ka faɗi yawan fitsarin.

Daga nan na faɗa hannun tiramol. Ba likita ya rubuta mini ba, wani mai tebur a bakin tasha ne ya ce, "Saje, gwada wannan." Makon farko, kai! Na yi noman yini ban zauna ba, na ce ashe ga magani ana ta wahalar da mutum. Kafin wata uku ƙwaya ɗaya ba ta isata. In na tashi ban sha ba, sai gumi, sai rawar hannu, sai zuciya ta yi ta tafasa ba dalili. Ka tuna shekarar da na fasa rediyo da bango, kana aji huɗu a sakandare? Ka tsaya bakin ƙofa da farantin tuwo a hannu kana kallona. Rediyon bai yi laifi ba, kai ma ba ka yi ba. Ban taɓa ba ka haƙuri ba, to ga shi yau ina ba ka, abin yana damuna har yanzu. Rabuwa da wannan ƙwaya ta fi mini horon bariki wuya, kuma sai da taimakon asibiti na rabu da ita. A ƙauyukan da za ka zagaya za ka tarar da ita a hannun samari masu noma, za su miƙa maka da zuciya ɗaya. Ka ce musu na gode, ka wuce.

Wata likita ce, mace mai ɗan shekaru, ta fara sa a auna jinina. Ita ba ta ba ni zaɓin kalma ba, cewa ta yi, "Baba, kwatanta mini." Na ce toka mai zafi, na ce allura. Ta gyaɗa kai. Da sakamako ya fito ta ce, "Ciwon suga ne, ya daɗe a jikinka. Shi yake cin jijiyoyin ƙafarka, ba na jini ba, waɗanda ke kai wa kwanya labarin zafi da sanyi." Ta ce akwai magunguna uku ko huɗu da ake bayarwa don wannan ƙuna, babu wanda ya fi sauran a jikin kowa, sai an gwada ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Babu wanda zai ɗauke ciwon duka. In ya rage maka rabi, ka samu ka huta ka yi aikinka, mun ci nasara." Raina bai so wannan magana ba. Na zo neman warkewa, ana yi mini cinikin rabi.

Ta fara da amitiriptilin, 'yar ƙaramar ƙwaya, sau ɗaya bayan tuwon yamma. Na sha kwana biyar ban ji komai ba sai bushewar baki da nauyin kai da safe. Ana cikin haka wani dattijo a coci, mai karanta Turanci da ƙarfi, ya ɗauki takardar da ke cikin kwalin ya duba, ya dube ni ya ce, "Saje, ai wannan na masu ciwon damuwa ne. Me ka faɗa wa matar nan?" Haba! Na ji an mai da ni mahaukaci a garinmu. Ina isa gida na zuba su duka a masai. Wata huɗu ban taka asibitin ba.

Ran da na koma, likitar ba ta yi fushi ba, dariya ta yi ta gajiya. Ta ce, "Baba, da fartanya ake noma, da ita kuma ake kashe maciji. Gaskiya ne ana ba masu damuwa, amma da yawa. Ɗan kaɗan ɗin da na ba ka aikinsa kwantar da jijiya, kuma sai ya yi makonni kafin ka ji." Na sake farawa. A mako na uku ƙunar ta ja baya, gaskiya ta ja. Na yi shekara biyu a kansa, da gorar ruwa a aljihu saboda bushewar baki. Sai fitsari ya fara yi mini wuya, in tashi tsaye kuma in ga duhu-duhu, ta ce a shekaruna ya isa haka, a canja. Abin da nake so ka riƙe: kada ka yanke wa magani hukunci a kwana biyar, kuma kada ka bar mai karanta takardar kwali ya zama likitanka. In wani abu ya ba ka tsoro, ka koma wurin wanda ya rubuta.

Amma na tsallake wani abu, kuma shi ne ya sa na buɗe jakarka. A cikin wata huɗun nan da na yi ina fushi, na haɗu da Malam Garba ranar kasuwa. Ka san shi, mai sayen hatsin nan na Bena da ke kawo mana goro duk sallarsu. Shi ma ciwon ke damunsa. Muna zaune kan buhuna ya gan ni ina murza ƙafa, ya ce, "Saje, har yanzu? Ni fa na samu sauƙi. Ungo, gabapentin sunansa, biyu-biyu nake sha, sau uku." Mutumin nan alheri ya yi nufi. Abin da bai faɗa mini ba, domin shi ma bai ɗauke shi komai ba, shi ne da ɗaya likitansa ya fara masa, aka riƙa ƙarawa a hankali cikin makonni har jikinsa ya saba. Ni kuwa na faro daga inda shi ya ƙare. Washegari da safe na haɗiye biyu, na hau babur zuwa gona. Ina gangarowa wajen kwalbatin nan na bayan gari sai na ga hanya ta rabu biyu. Na bi wadda babu. Na farka a cikin rami, ƙashin kafaɗa ya karye, mata masu zuwa itace suna ta salati a kaina. Mun ce muku akuya ce ta gitta.

To ka ji. Kafson da ka ɗauka, piregabalin, ƙanin wancan ne, gida ɗaya suka fito. Yana sa jiri, yana sa gyangyaɗi, ya fi tsanani a kwanakin farko. Awon da ke cikinsa don jikina aka yi shi, an kai ni wurin a hankali, bayan an duba ƙodata da shekaruna. Kai kuma daga Litinin za ka riƙa hawa babur daga Dirin Daji zuwa Sakaba da ƙauyukan da ke bayanta, hanyar da ko mai ido biyu sai ya yi da gaske. In ka faɗi a can, ba lallai mata masu itace su biyo ta wurin ba. Da na ga katunan nan a jakarka sai na zauna bakin gadonka. Na ji tsoro, Ishaya, tsoron da ban ji ba ko a bakin daga.

Tunda na faro, bari in ƙarasa maka yadda na same su, don ka san abin da za ka tambaya, ba don ka zaɓa da kanka ba. Bayan amitiriptilin, likitar ta sa ni a gabapentin ɗin nan, wannan karon ta hanyarsa, daga kaɗan. Bai kayar da ni ba. Matsalarsa a wurina sau uku ne a yini, na rana kullum sai in manta ina gona, sai la'asar ƙafa ta tuna mini. Idon sawuna kuma ya riƙa kumbura. Piregabalin sau biyu ne, safe da yamma, kuma ya fi saurin kama ni. Shi ma ya sa na yi teɓa, takalmi ya matse. An gargaɗe ni kada in taɓa yanke shi farat ɗaya, sai a rage a hankali, kuma akwai masu maƙale masa kamar yadda na maƙale wa tiramol. Akwai na huɗu, dulokzetin, sau ɗaya a yini. A kansa Malam Garba ya ƙare. Ya yi mako biyu yana tashin zuciya, yana cewa an ba shi guba, daga baya ya zauna masa daram. Ni da aka zo maganar ba ni shi, likitar ta ce, "Baba, kana shan burkutu?" Na ce, "Kaɗan, in an yi biki." Mamarka daga bayana ta ce, "Likita, a wurinsa kullum biki ne." Aka ajiye biro. An ce shi da giya suna haɗuwa su wahalar da hanta, sauran ma ba sa shiri da ita, suna ninka jiri. Ka ga ni da Garba, ciwo ɗaya, shekaru kusan ɗaya, amma abin da ya karɓe shi daban, abin da ya karɓe ni daban. Kuma in likita ya tambaye ka abin da kake sha, ka faɗi gaskiya, can ba mamarka a bayanka.

Saura babbar wautar. Na gaji, amma ita ce ba zan bari ba.

Da piregabalin ya kwantar mini da ƙunar, sai na ɗauka an gama. Na koma shayi mai suga cokali uku. Maganin suga in na tuna in sha, in ban tuna ba oho. Zuwa awo na daina, layin yana da tsawo, kuma me zan je yi tunda ba na jin ciwo? Likitar ta faɗa mini tun farko cewa waɗannan magunguna murya kawai suke rage wa ciwon, ba sa hana suga cin jijiya. Na ji da kunne, ban ajiye ba. Bayan kamar shekara biyu sai na lura ƙafar hagu ta yi tsit gaba ɗaya. Ba ƙuna, ba allura, ba komai. Murna ta kama ni. Ranar Lahadi na sa babbar rigata, na ɗauki kwandon dawa na kai gaba, na tsaya na ba da shaida cewa Ubangiji ya warkar mini da ƙafa ɗaya, saura ɗaya. Aka yi tafi, mata suka yi guɗa. Kana nan, kai ka riƙe mini sanda.

Bayan mako uku na je gona da takalmin roba, na yini ina yankan dawa, na dawo da ƙafa. Da la'asar ina zaune ƙofar gida mamarka ta zo ɗaukar takalmin ta wanke. Sai na ji ta ce, "Baban Ishaya, jinin mene ne wannan?" Na ce wane jini? Ta juya takalmin. Ƙusa ce ta huda shi daga ƙasa, ta shige tafin ƙafata wajen yatsu. Tun yaushe take ciki, Allah kaɗai ya sani. Na yini ina taka ta, ban ji ko ƙaiƙayi ba. Raunin ya ƙi warkewa, sauran ka sani, kai ka yi ta zirga-zirga da kular abinci har aka cire yatsu ukun. Abin da ba ka ji ba shi ne maganar likitar da ta duba ƙafar. Ta ce, "Baba, wannan shirun ba warkewa ba ne. Jijiyar ce ta mutu." Na kai wa Ubangiji kwandon dawa ina godiya a kan mutuwar ƙafata. Ban ce laifinsa ba ne. Ya aiko mini da likita, ya aiko mini da ciwo yana ta kirana shekara da shekaru, ni na toshe masa baki.

Ban ce lallai suga ne da kai ba, ni ba likita ba ne. An ce akwai wasu abubuwan da ke kawo irin wannan ƙuna, wasu ma suna warkewa in an kama su da wuri. Amma kai ɗana ne, kakarka ma da shi ta tafi, kuma na ga bokitin nan da kofunan ruwan nan. Shekararka talatin da ɗaya. Abin da nake roƙonka ɗaya ne, kuma roƙo ne, ba umarnin saje ba: cikin makon farko ka je asibiti da safe kafin ka ci komai, ka ce a auna maka suga. Ka faɗi ƙunar yadda take. Ka faɗa musu ka sha kafson babanka, da sau nawa, domin na san katin da ya ɓace watan jiya ba mantuwata ba ce. Ka faɗa musu a kan babur kake yini, don su san wanda za su ba ka da lokacin da za ka sha. Kullum ka zazzage takalminka kafin ka sa, ka duba tafin ƙafarka in ka cire.

Ka girgiza ambulan ɗin nan, akwai abu a ƙasa naɗe cikin takarda. Ƙusar ce. Na ajiye ta a gwangwanin magani shekara huɗu, ƙarƙashin katunan da ka ɗauka, na yi mamaki da ba ka gan ta ba. Ka riƙe ta a aljihun da ka tanadar wa kafson. Ran da aka auna jininka ka jefa ta masai, ka kira ni ka ce, "Baba, na yar." Ba sai ka ƙara komai ba, mu biyu ba mu iya doguwar magana ba, zan gane. In watan nan ya ƙare ban ji ba, zan miƙa wa mamarka zancen, ka kuwa san ta, ranar za ta shiga motar Dirin Daji.

Ƙafafunka suna ƙuna, na san ba daɗi. Amma har yanzu suna yi maka magana, Ishaya. Tawa ta hagu na yi shekara huɗu ina mintsininta, ko za ta amsa.

Ubangiji ya kiyaye ka a kan babur da a ƙasa, ya kau da mugun ji da mugun gani daga hanyarka, ya ba ka maƙwabta na kirki da likita mai haƙurin saurare. Ya sa ka ci abinci a kan lokaci. Ya dawo mana da kai kana tafiya da ƙafafunka, yatsu goma cif.

Ni ne mahaifinka,
Markus, mai bakwai.